Kubar But ɗin Mota: A Duba Ta Kafin a Kai ga Igiya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na direbobi da masu abin hawa.  

Yau bayan mota za mu zagaya, mu tsaya a kan kubar but, abin nan da ke kama murfi idan an rufe, ya sake shi idan an buɗe. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke jikin mota a rasa abin da za a yi shiri a kai sai wannan? To, ku ba ni aron kunnuwanku, in shirin ya ƙare sai ku yi hukunci.

Duk wanda ya saba shiga tasha ya san yadda abin yake. Golf ce ko Sharon, an danƙara mata buhuna, murfin but ya ɗage sama, yaron mota ya jawo igiya ko robar tsohon tif ya ɗaure. Ka tambayi direba, sai ya ce ai kaya ne suka yi yawa. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma ka dawo ranar da ba kaya, za ka tarar igiyar tana nan daram, domin kubar ta daɗe da daina kamawa. Ba kuma motocin haya kaɗai ba. Akwai motocin gida da yawa da sai an ɗaga murfin an maka shi da ƙarfi, an kuma makawa, kafin ya kama. Mai motar ya saba, iyalinsa sun saba, har ya zama kamar haka aka ƙero ta. Ba haka aka ƙero ta ba. Murfin but mai lafiya da hannu ɗaya ake rufe shi, a danna shi a hankali ya ce ƙwas. Duk wanda sai an yi kokawa da shi, akwai abin da ya gurɗe, kuma yawanci abin da ya gurɗen ƙarami ne, gyaransa ba ya cin kuɗi idan an kama shi da wuri.

Bari mu fara da sanin abin da ke ciki, don wanda bai san yadda abu ke aiki ba, canje-canjen kaya kawai zai yi ta yi har kuɗinsa su ƙare.

Ku ɗauke ta kamar sakatar ƙofar ɗaki da ramin da take shiga: in ɗaya ya goce wa ɗaya, ko sabuwa ce sakatar, ƙofa ba za ta kullu ba. A but, ɓangare na farko wata ƙugiya ce ta ƙarfe da ke juyawa a cikin ɗan akwatinta. Na biyu kuma wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai kama da zobe, wanda aka ɗaure da noti. A wasu motocin ƙugiyar na jikin murfi, zoben na jikin mota. A wasu kuma akasin haka. Idan ka rufe, zoben ya tura ƙugiyar ta juya ta rungume shi, sai wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa ya tokare ta don kar ta koma. Sifirin ne ke tura harshen nan. Ƙarar da kake ji in ka rufe, faɗawar harshen ce. Buɗewa kuwa ba komai ba ce illa janye harshen daga inda ya tokare, sai ƙugiyar ta saki zoben.

Abin da ya bambanta mota da mota shi ne abin da ke janye harshen. A tsofaffin motoci makulli ne: ka zura, ka murɗa, wani siririn ƙarfe ya ja harshen. Wasu suna da hannun da ake ja a ƙasa, gefen kujerar direba, wanda kebul ya taso daga gare shi, ya bi ƙarƙashin kafet har baya. Na zamani kuma suna da ɗan injin lantarki a jikin kubar, wanda ke motsawa in an danna rimot ko maɓallin da ke kan murfin. Motoci da yawa sun haɗa biyu ko duka ukun, kuma wannan babban taimako ne wajen bincike, kamar yadda za mu ji nan gaba.

To, matsalar kuba ba ta wuce biyu: ko but ya ƙi rufuwa, ko ya ƙi buɗuwa. Mu fara da wanda ya ƙi rufuwa, shi ya fi yawa a wajenmu.

Ka faka motar a wuri mai haske, ka ja birkin hannu, ka kwashe kayan da ke but ɗin gaba ɗaya. Kar ka raina wannan mataki. Bakin buhu, ko igiyar jaka, ko gefen tabarmar but da ta naɗe, ko jak da ya tashi daga mazauninsa, kowanne na iya shiga tsakanin ƙugiya da zobe. Akwai masu zuwa gareji da ƙorafin kuba ta lalace, ana leƙawa sai a ga leda ce ta cushe a ciki, ko ƙwayar masara, ko tsakuwa.

Daga nan ka leƙa ƙugiyar da kyau, da fitilar wayarka. Murfi yana sama, ya kamata bakinta ya kasance a buɗe yana jiran zobe. Idan ka gan ta a rufe alhali ba ta riƙe komai ba, to ka gano matsalar: wani abu ya tura ta ta kulle kanta, kai kuma kana ta maka rufaffen ƙarfe a kan zobe. Ja hannun buɗewa ko ka murɗa makulli, ka taimaka mata da sukudireba ta koma. Duk bugun da aka yi mata tana a rufe, lahani ne ake ƙara mata.

Sai gwajin da nake so kowane mai mota ya iya, don ba ya bukatar komai sai sukudireba. Murfi na buɗe, ka sa jikin sukudirebar a bakin ƙugiyar, ka tura kamar yadda zobe zai tura ta. Ka kasa kunne. In ta juya cikin sauƙi, ka ji ƙwas, sai ka gwada jawo sukudirebar baya. Ta riƙe gam? Madalla. Yanzu ka buɗe ta da makulli ko rimot, ka ga ko za ta saki nan take da ƙarfinta. In duk wannan ya tafi daidai, kubarka lafiyarta ƙalau, kar kowa ya sayar maka da sabuwa. Laifin na wurin zobe ne ko murfi. In kuwa ta juya da ƙyar, ko ta juya amma ba ta kama ba, ko ta kama amma da ka ja sai ta kuɓuce, to matsalar na cikin akwatin: ko datti ya daskare, ko sifirin ya karye, ko bakin harshen ya cinye. Gargaɗi ɗaya, kuma ina roƙo a riƙe shi: kar a sa yatsa a maimakon sukudireba, kuma in an gama gwaji a tabbatar an saki ƙugiyar kafin a rufe murfi.

Mu koma kan zobe. Ka dube shi ka ga inda ƙarfen ya goge yana ƙyalli. A tsakiya ya kamata alamar ta kasance. In a gefe ɗaya take, ko ka ga ƙugiyar tana dukan saman zoben tana kankare shi, to sun saɓa layi. Ka kama shi da hannu ka girgiza; bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Noti biyu ne yawanci ke riƙe da shi, kuma a motoci da yawa an yi ramukan notin da ɗan faɗi da gangan don a iya gusar da shi. Kafin ka kwance, ka zagaye mazauninsa da alli ko biro don ka san inda ka taso. Ka sassauta notin kaɗan, ka gusar da shi kamar kaurin tsinken ashana, ka ɗaure, ka gwada a hankali. In bai yi ba ka ƙara kaɗan. Masu gaggawa su ne ke tura shi can ƙasa lokaci guda, murfi ya kama da tsiya, sannan ya ƙi buɗuwa, a koma neman mai fasawa.

Me ke sa zobe ya goce tun farko? Abu na farko, karo ta baya. Ko ɗan bugun da aka yi maka a cunkoso ne, ka fito ka duba ka ga fenti bai ko kankare ba, kuka yafi juna, ƙarfen da zoben ke zaune a kai yana iya lotsawa ciki. Yawancin motocin da muke saya na hannu ne, wasu an buge su tun a can ƙasar da suka fito, an gyara an fesa fenti. Shi ya sa nake ba mai sayen mota shawara ya rufe but, ya ja da baya, ya dubi tazarar da ke tsakanin murfi da jikin mota dama da hagu. In ɗaya ta fi ɗaya faɗi, akwai labari. Wannan aikin mai bugun jikin mota ne, sauya kuba ba zai magance shi ba. Abu na biyu shi ne lodi. Duk ranar da aka cika but ya yi tozo, aka hau murfin aka danne da gwiwa, hinjin ne ke lanƙwashewa, kuma in ya lanƙwashe ba ya komawa da kansa.

Akwai wasu ƙananan robobi a kusurwoyin murfin, waɗanda yake sauka a kansu. A wasu motocin ana murɗa su su fito ko su shige. In sun fito da yawa, murfin ba zai kai ga zobe ba sai da duka. In sun cinye ko sun faɗi, murfin zai kama amma ya yi ta ƙaraf-ƙaraf a kan hanya. Robar da ta zagaye bakin but ita ma a duba ta. Ka sa takarda a bakin, ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da ka ji an riƙe ta ba, to nan ne ƙura da ruwan sama ke shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ɗaga tabarma ka leƙa ramin safaya. In ka ga ruwa ya kwanta ko tsatsa, ka san robar ko kubar ba ta matse murfin yadda ya kamata.

Yanzu ga inda nake da magana da 'yan uwana makanikai, kuma da girmamawa nake yin ta. An saba, in kuba ta yi tauri, sai a ɗebo baƙin mai a tsiyaya, ko a zuba man birki. A ranar za ta yi laushi, mai mota ya tafi yana godiya. Amma mu a ƙasar ƙura muke. Iskar da ke bin bayan mota tana tattara ƙura daidai wurin da kubar take, balle a lokacin hunturu ko a hanyar da ba kwalta. Baƙin mai yana kama ƙurar nan, su cakuɗe su zama taɓo mai yashi, yashin kuma ya yi ta cin ƙarfe duk lokacin da aka buɗe aka rufe. Man birki kuwa yana cin fenti, yana kuma jan danshi. Abin da ya dace shi ne a fara wankewa: a fesa man feshin nan na gwangwani da ake kwance noti mai tsatsa da shi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a motsa ƙugiyar da sukudireba har baƙin dattin ya fita, a tsane da tsumma. Sannan a shafa farin giris ɗan kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kaɗan na ce. Wanda ya yi yawa ƙura kawai zai tara.

Ramin makulli kuma dokarsa daban. A cikinsa akwai wasu ƙananan faranti masu sirara da sifirin kamar gashi, waɗanda haƙoran makulli ke jerawa kafin ya juya. Giris ko mai mai kauri yana manne su. Abin da ya fi dacewa da shi busasshen gari ne irin na bakin fensir. Ka goga fensir a haƙoran makullin sosai, ka zura, ka zare, ka maimaita. Ga kuma wani abu da na lura da shi game da masu rimot: shekara da shekaru ba sa zura makulli a but, sai ranar da batir ya mutu, a ranar ne za a tarar ramin ya cushe da ƙasa. Ko sau ɗaya a wata ka buɗe da makulli, don ya zauna a shirye. In ya ƙi juyawa kar ka sa filaya ka murɗe shi. Karyewa zai yi a ciki, ƙaramin aiki ya zama babba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake binciken kubar but ɗin mota. Mun gama da wanda ya ƙi rufuwa, yanzu sai wanda ya ƙi buɗuwa.

A nan ne yawan hanyoyin buɗewa ke da amfani. Ka gwada kowace hanya ita kaɗai. In makulli ya buɗe amma hannun gefen direba bai buɗe ba, kubar ba ta da laifi, tsakanin hannun da kubar za ka nema. In ka ja hannun ka ji shi sakwaf ba nauyi, kebul ya tsinke ko ya zare daga mazauninsa, sau da yawa ma ɗan maƙalin roba ne kawai ya karye. Amma kafin ka kwance komai, ka tabbata ba kulle shi aka yi da gangan ba. Motocin Toyota da yawa, irin su Camry da Corolla, in aka zura makulli a but aka murɗa shi hagu aka zare a kwance, hannun cikin mota ya daina aiki. An yi haka ne don mai mota ya iya ba wani aron motar ba tare da ya kai ga kayan but ba. A wasu Honda Accord kuma makullin yana jikin hannun ne, a wasu maɓalli ne a cikin akwatin gaban fasinja. Mai wankin mota ko yaro na iya taɓa shi bai sani ba, kai kuma ka tafi sayen kebul a banza.

In na lantarki ne, ka sa wani ya danna rimot, kai kuma ka kara kunne a murfin. Kunne ya fi sifana aiki a nan. In ka ji ɗan inji ya yi ƙara amma murfi bai saki ba, wuta na zuwa. Ko dai haƙoran robar da ke cikin injin sun cinye, ko ƙarfen da ke haɗa shi da harshen ya zare, ko kuma kaya ne suka tokare murfin daga ciki suka matse ƙugiyar. Gwada danna murfin ƙasa da tafin hannu yayin da ake danna rimot. Sau da yawa sai ka ji ya saki. In kuwa shiru ka ji, to wuta ce ba ta isowa. Ka fara da mai araha. Rimot ɗin na buɗe ƙofofi? In ba ya buɗe komai, batirinsa ne, ɗan faifan nan mai bolt 3. In maɓallin cikin mota na buɗewa amma na kan murfi ba ya yi, robar maɓallin ce ta tsage ruwa ya shiga. In duk ba sa yi, sai a duba fiyus. Murfin akwatin fiyus yana da zanen da ke nuna na kowane abu. In ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Kar a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, don fiyus ƙonewa yake yi domin kada wayar mota ta ƙone. In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, ka tsaya haka nan, akwai wayar da ke taɓa jikin mota, a kai wa mai gyaran wuta.

Ga kuma wurin da aka fi mantawa, alhali shi ne ya fi yawan laifi a tsofaffin motoci. Wayoyin da ke zuwa murfin but ta gefen hinji suke bi, a wasu motocin cikin wata roba mai kama da maƙogwaro. Duk buɗewa da rufewa sai sun lanƙwasa. Shekara goma, sha biyar, ga zafin rana, sai rigar wayar ta bushe ta tsage, tagullar ciki ta karye. Alamarsa ita ce abu ya yi aiki yau, gobe ya ƙi. Ko ya yi aiki in murfi na buɗe, in an rufe ya ƙi. Ko fitilar lamba ta riƙa ɗaukewa tare da shi. Ka zame robar ka duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. An sha sauya kuba sukutum alhali waya ɗaya ce ta karye a nan.

A jikin kubar, ko kusa da ita, akwai wani ɗan makunni da ke gaya wa mota cewa but a rufe yake. Shi ke kashe fitilar cikin but, shi ke kashe alamar da ke kan dashbod. In ya lalace, ko murfin bai kama sosai ba, fitilar za ta kwana a kunne ba wanda ya gani. Ku yi lissafi da ni. Ƙwai mai wat 5 a kan batir mai bolt 12 yana jan kusan amfiya 10 a kwana ɗaya. Batirin ƙaramar mota bai fi mai amfiya 60 ko kusa da haka ba. Ka ajiye motar kwana uku ko huɗu, ka zo ta ƙi tashi, ka ɗora wa mai batir laifi. Gwajin mai sauƙi ne: kunna ɗaukar bidiyo a wayarka, ka ajiye ta a ciki, ka rufe, ka buɗe, ka kalla. Amma ka tabbata makullin motar na aljihunka kafin ka rufe.

To idan duk hanyoyin sun ƙi fa, ga kaya a ciki? Don Allah kar a sa ƙarfe a ɓanɓare murfin. Kuɗin gyaran jiki da fenti ya ninka na kuba. A motoci da yawa kujerar baya tana kwantawa. A kwantar da ita, a leƙa da fitila, a ja hannun gaggawa na buɗewa daga ciki in akwai, ko a cire kwalin da ya rufe kubar a tura ƙarfen harshen da sukudireba. A yi wannan inji a kashe, a inuwa, kuma da wani a tsaye a waje. Masu wasu motocin Jamus irin su BMW, waɗanda batirinsu ke cikin but, su sani akwai wurin jona wuta a ƙarƙashin murfin inji don ranar da batir ya mutu but ya ƙi buɗuwa, kuma yawancin rimot na zamani akwai makullin ƙarfe ɓoye a cikinsa.

Jama'a, duk abin da na faɗa zuwa yanzu maganar kuɗi ce da wahala. Saura maganar rai, kuma saboda ita na zaɓi wannan batu.

Salansa a bayan mota yake, ƙasan but. Idan mota na gudu, iskar bayanta juyawa take yi tana komowa, sai ta kwaso hayaƙin ta tura shi cikin duk kafar da ta samu. But da aka ɗaure da igiya ƙofa ce a buɗe. A cikin hayaƙin nan akwai iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce dai ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Fasinjan baya zai ce wahalar tafiya ce. Direba zai ce gajiya ce, ya tauna goro ya ci gaba. Motoci irin su Golf da Sharon, da ba abin da ya raba but da wurin zama, su suka fi haɗari. Balle kuma a ce an zaunar da mutane a but ɗin, ƙafafunsu na reto a saman salansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama masu lodin da ya wuce kima, amma jami'i ba ya kowace hanya. Direban da ya ɗauki mutane amana ya ɗauka, shi ya kamata ya fara hana kansa.

Sai yara. A watannin Yuli da Agusta na 1998, yara 11 suka mutu a cikin but ɗin mota a jihohi uku na Amurka, dukkansu 'yan ƙasa da shekara 7. Wasa suke yi, suka shiga, murfi ya rufe, zafi ya gama da su. Kafin nan, a 1995, 'yan fashi sun kulle wata mata mai suna Janette Fennell da mijinta a but ɗin motarsu a birnin San Faransisko; Allah ya yi da sauran kwanansu, suka lalubo kebul ɗin buɗewa suka fita. Matar nan ta ɗauki abin da zafi, ta yi ta fafutuka. Daga ƙarshe hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar ta kafa doka cewa daga 1 ga Satumba 2001, duk sabuwar ƙaramar mota mai but da za a sayar a Amurka sai an sa mata hanyar buɗewa daga ciki. Shi ne ɗan hannun nan na roba, mai launin kore-kore ko rawaya, da ke haske a cikin duhu, a jikin murfin daga ciki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Camry da Accord da Corolla da yawa da ke kan titunanmu daga Amurka aka kawo su. Wanda motarsa ta fito daga can, ƙirar 2002 zuwa sama, ya buɗe but ya nemi hannun nan. Ya kulle ƙugiyar da sukudireba, murfi na sama, ya ja hannun ya ga ko za ta saki. Ba sai an sa mutum a ciki an rufe ba. Wani lokaci wurin gyaran jiki ake cire shi a manta ba a mayar ba, ko a sauya kuba a bar kebul ɗinsa yana lilo. In an sauya maka kuba, ka ce a jona shi a gabanka. Motocin da suka fito daga Turai ko wasu wurare kuwa, da yawa ba su da shi, sai mai motar ya ƙara kula.

Kar mu ce wannan can ne. A Disamba 2021, yara takwas aka tarar sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Mu kuma nan, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Motar da ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida ko a lungu, kubarta na kamawa daga waje ba ta buɗuwa daga ciki, ita ce abin tsoro. A kulle ta gaba ɗaya a ɓoye makullin, ko a cire kubar ɗungurungum. In yaro ya ɓace a unguwa, kafin a tafi cigiya wajen mai unguwa, a fara leƙa motocin da ke kusa, har da but.

Mu koma kan gyara. In bincike ya nuna dole sai an sauya kubar, a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, a jera ta da wadda za a saya a gani, domin mota iri ɗaya kan zo da kuba daban-daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita. A ƙirga bakin soket, a gwada ƙugiyar da sukudireba a gaban mai shago kafin a biya.

Lokaci ya yi mana halinsa. Roƙona ga duk mai mota da ke jina: yau ɗin nan, kafin ka shiga gida, ka zagaya baya ka rufe but ɗinka da hannu ɗaya ka ji ko zai kama, ka nemi hannun gaggawa ka nuna wa iyalinka inda yake. 'Yan uwa direbobin haya kuma, a kwance igiyar nan a kai motar gareji.  

[Kiɗan rufe shiri]